Me ya sa bishiya ke zabura a cikin gem? Zare daga Dakata

1/ Jama'a, duk mai buga gem ya san wannan: kana gudu da mota, sai bishiyar da ke gabanka ta canja kamanni farat ɗaya, ko gini ya tsiro daga ƙasa kamar aljani. Ba netwok ba ne, wayarka ma ƙalau take. Dabara ce ta fito fili. Ku gyara zama, zaren yana da ɗan tsawo.

2/ Dalilin da ya sa abin ya dame ni: wata da watanni ina haɗa ɗan ƙaramin gem na tuƙin adaidaita sahu, daga Dakata a ratsa Bompai. Burina ya yi aiki a wayar da ƙannenmu ke riƙewa, mai ram 2 ko 3, ba sai ta masu hali ba.

3/ Mu fara daga tushe. Kusan duk abin da kake gani a gem mai zurfi, mutum ne ko mota ko katanga, da ƙananan alwatika aka ɗinka shi. In ana son hoto 30 a daƙiƙa, waya tana da kusan kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa ta zana komai. In 60 ne, bai kai kashi 17 ba.

4/ To ka ɗauki layin Bompai: dogayen katangu, rufin kwano, tankunan ruwa, tireloli a jere, turakun wuta, darbejiya. In ka ce sai an zana kowace ƙusa ta ginin da ke can nesa, waya za ta ɗau zafi, caji ya zube, hoto ya riƙa sarƙewa.

5/ Maganin ya girmi yawancinmu. A 1976 wani Ba'amurke, James Clark, ya rubuta cewa abin da ke nesa ba ya buƙatar cikakkiyar siffa. Shi ne daga baya ya kafa Silicon Graphics, kuma da shi aka kafa Netscape a 1994. Masu sana'ar suna kiran dabarar LOD.

6/ Ma'ana kowane abu a yi masa kwafi hawa-hawa. Adaidaita ta kusa tana da alwatika kamar 8,000, har da ɗinkin kujera. Ta tsakiya 2,000. Ta nesa 200, kusan akwati mai ruwan ɗorawa. Ta can ƙurya kuwa hoto ne shafaffe kamar allon talla, yana juyowa yana kallonka.

7/ Matsalar tana wajen musanya. Ido yana haƙuri da abu mara kyau in ya zauna yadda yake. Abin da ba ya yafewa shi ne canjin bazata. Gefen idon ɗan Adam gwani ne wajen kama motsi, shi ya sa kana kallon titi amma tankin da ya zabura a gefe ne zai ja hankalinka.

8/ Na gwada da ƙanena. Na ba shi wayar ban ce masa komai ba. Bai yi ƙorafin cewa gine-gine ba su da tagogi ba. Cewa ya yi: "Yaya, me ya sa bishiyoyin nan suke ƙifta ido?" Daga ranar na koma neman yadda ake ɓoye musanyar. Ga abin da na tattaro.

9/ Ta farko, narkewa. Tsohon kwafi ya riƙa dusashewa, sabo yana bayyana, cikin kamar rabin daƙiƙa. Unity na da wannan a shirye. Amma akwai kuɗinsa: a wannan ɗan lokacin abu biyu kake zanawa maimakon ɗaya. Bishiya 40 su narke tare, waya ta ji a jikinta.

10/ Ga kuma wata wahala: abin da ake hango bayansa, kamar gilashi, sai an jera shi daga na nesa zuwa na kusa kafin a zana, in ba haka ba hoto ya cakuɗe. Ƙananan wayoyi ba sa son irin wannan aiki ko kaɗan.

11/ Ta biyu, rariya. Maimakon a mai da abu kamar gilashi, sai a huda shi ɗigo-ɗigo kamar rariyar tankaɗe. Ɗigon da tsoho ya bari, sabo ya cike shi, har ya cinye wurin duka. Babu jere, ya fi arha. Unreal na da shi. Aibinsa: in allo ba shi da kaifi, za ka ga tsakin.

12/ Ta uku, lanƙwasa. A 1996 Hugues Hoppe na Microsoft ya nuna yadda kusurwoyin siffa za su riƙa zamewa a hankali daga wannan hawa zuwa wancan, kamar yumɓu a hannun mai ginin tukunya. Ta fi dacewa da ƙasa da tudu. Kano shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai in zan saka Dala da Goron Dutse.

13/ Ta huɗu ita na fi so, don kyauta ce. A ce iyakar musanya mita 50 ce. Ɗan wasa ya tsaya daidai kan 50 yana gaba yana baya, sai abu ya riƙa kai-kawo ba hutu. Dama iyayenmu sun hana tsayuwa a bakin ƙofa: ko ka shiga ko ka fita.

14/ Sai ka raba ƙofar biyu. In kana matsowa, kyakkyawan kwafi ya shigo a mita 45. In kana nisa, kada ya tafi sai ka wuce 55. Tsakanin nan duk wanda ke wurin ya ci gaba da zamansa. Layi uku na kod, ƙifta idon ya ragu sosai.

15/ Ta biyar: kada ka auna da mita kawai, auna da girman abu a kan allo. Tankin masana'anta a mita 200 ya fi buhun fiya wata a mita 20 cika ido. Kuma in ɗan wasa ya zuƙo nesa da madubin bindiga, abu ya girma ke nan ko da bai matsa ba.

16/ Fenti ma yana da nasa. A 1983 Lance Williams ya fito da adana hoton jikin abu kashi-kashi, kowane rabin na gabansa a tsawo da faɗi. Ƙarin wurin ajiya kashi ɗaya cikin uku ne kawai, amma shi ke hana rufin kwano na nesa yin ƙyalƙyali kamar ana yayyafa masa gishiri.

17/ Yanzu ga wadda Allah ya ba mu a gida: hazo. Duk wanda ya bi ta Sharada ko Challawa da safe a watan Janairu ya san yadda masana'anta ke fitowa. Da farko inuwa, sai siffar rufi, sai launi, sai rubutun jikin get. Babu zabura ko ɗaya.

18/ Masu gem sun daɗe da gane haka. Silent Hill na Konami, 1999, a PlayStation ta farko: hazon da ya sa mutane tsoro yana kuma ɓoye iyakar abin da na'urar ke iya zanawa. Su sai da suka nemo dalilin hazo. Gem ɗin da aka kafa a Kano da hunturu ba ya buƙatar uzuri.

19/ Darasin da hazo ya koya min: abin da ido ke fara riƙewa daga nesa shi ne zanen gefe da launi. Don haka in zan rage alwatika, daga ciki nake cirewa. Tsinin rufi, tsayin tanki da ruwan ɗorawar adaidaita ba na taɓa su. In waɗannan sun zauna, musanya ba ta ihu.

20/ Kar ku ɗauka maganar kwalliya ce kawai. 'Yan PUBG sun sani: ciyawa ba ta zanuwa daga nesa. Kai kana kwance kana jin ka ɓuya, wanda ke can da madubi yana ganinka fili a ƙasa. Inda mai gem ya ajiye iyakar nan, nan ya yanke wa zai rayu wa zai mutu.

21/ Shi ya sa a gem ɗin da ake gasa, abin ɓuya kamar katanga ko mota bai kamata ya ɓace a wayar wani ya zauna a ta wani ba. In ba haka ba gasar ta koma ta aljihu. A rage ado yadda ake so, amma abin da ke tare harsashi ya zama ɗaya ga kowa.

22/ Wani zai ce ai Unreal Engine 5 ta fito a 2022 da Nanite, an gama magana. Gaskiya ne tana yanka siffa gungu-gungu na alwatika 128, tana musanya su ƙanana yadda ido ba ya kamawa. Amma tana son na'ura mai ƙarfi. Ba don wayoyin da ke hannun yaran unguwa aka yi ta ba.

23/ Nan ne nake ganin damarmu. Yawancin darussan YouTube da kwamfuta mai tsada ake yin su, mu kuma masu buga namu suna lissafin caji da data. Wanda ya iya sa Bompai ta yi santsi a ƙaramar waya ya koyi abin da kuɗi ba sa saya masa, kuma ko'ina zai ci abinci da shi.

24/ In za ka fara, ga jerin da nake bi: raba ƙofa biyu tukuna, sai auna da girman allo, sai kare zanen gefe, sai hazo. Rariya ta zo ƙarshe, ga manyan abubuwa kawai. Kuma gwaji a waya mafi rauni a gidanku, bayan ta yi minti 15 tana aiki ta ɗau zafi.

25/ Aiki ga masu sha'awa: yau in kun shiga Free Fire ko GTA, ku zaɓi bishiya ɗaya ku nufe ta a hankali, ku ƙirga sau nawa ta canja, ku ajiye min amsa a ƙasa da sunan gem ɗin. Masu Unity, Godot ko Blender a Kano kuma ku ɗaga hannu, ina neman wanda ya iya zana tirela.