Kafin ka sayi wayar baful mai kan zinari, ka auna kuran ɗin gidanka

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a fadar masu son sauti, daga Maradi har Damagaram: wai mi ke sa kiɗa ya fita tas a gida? Wasu su ce waya ce, sai ka sayi mai kauri mai kan zinari da ake sayarwa cikin kwali. Wasu su ce a'a, ampili ne kawai. Ni dai abin da na gani cikin shekarun da na yi ina harhaɗa kayan sauti a ɗakina shi ne, a ƙasarmu wutar da ke shiga ampili ta fi wayar da ke fita daga cikinsa muhimmanci nesa ba kusa ba. Kuma nan ne kuɗɗin mutane ke ƙonewa.

Mu fara da kuran. A takarda, wutar gidajenmu volt 220 ce. Amma duk wanda ya taɓa sa abin awo a piriz cikin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da kowa ya kunna fanka da firigo, ya san allura na sauka ƙasa sosai. Wutar Maradi da Zinder da layin Katsina take zuwa, ta Yamai kuma da layin Birnin Kebbi, tafiya mai nisa kafin ta iso unguwa. Kowa na tune da watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke layukan, sai a Maris 2024 aka maido. Tun lokacin gidaje da yawa suka koma ga panno da batiri da gurup. Kenan yau ampili ɗaya na iya shan wuta iri uku cikin mako guda, kuma kowace da halinta.

Na gwada da kaina. Ina da ƙaramin ampili mai shan volt 12, da baful biyu. Na sa kalangun Shata, waƙa ɗaya, ƙarar ɗaya, ban taɓa waya ko guda ba, abin ba da wuta kaɗai nike canzawa. Da adafta marar nauyi ta bakin titi, da na ɗaga murya sai gangar ta shaƙe, ana jin wani siririn tsaki a bayanta. Da tsohon taransfo mai nauyi, tsakin ya ɓace amma in ka kara kunne ga baful akwai ɗan gurnani, huuum, wanda ke zuwa daga bugun kuran sau 50 a daƙiƙa. Da batirin sola kai tsaye kuwa, shiru kamar tsakar dare, sai kiɗan kawai. Batiri ba ya bugu, wutarsa a miƙe take, shi ya sa.

Wannan bai nufin adafta marar nauyi duka banza ce. Masu kyau, irin na ordinater, in ka duba bayansu za ka ga an rubuta 100 zuwa 240 V. Ko kuran ya faɗi zuwa 170 suna ba da abin da aka ce su ba da. Taransfo mai nauyi shi bai iya wannan ba: kuran ya faɗi, shi ma ya faɗi, ampili ya fara kakari. Aibin masu arha shi ne an rage musu kayan tace wuta, sai su riƙa watsa ƙara. Masu sauraren BBC da RFI da Muryar Jamus a gajeren zango sun san abin: da an jona wata sharjar kusa da rediyo, tasha ta nutse cikin shuuu. Ba rediyon ba ne ya lalace, cire sharjar ka ji.

In za ka sayi adafta, abu uku za ka duba. Volt ya zama daidai da wanda aka rubuta a bayan na'ura, ba ƙari ba ragi. Amper kuwa in ya fi yawa ba laifi, na'ura abin da take bukata kaɗai take ja. In ya gaza ne adafta ke zafi ta mutu. Na uku, ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar fish ɗin + ne ko −. In aka juya shi, wani ampilin ko daƙiƙa ɗaya ba ya yi.

Masu sayen ampili na hannu a Katako ko kasuwar Dole, don Allah ku juya bayansa ku karanta kafin ku jona. Kayan Amurka volt 120 suke sha, na Japan 100. Na ga wani maƙwabcina ya kawo ampili mai kyan gaske, ya sa shi a piriz don ya ji daɗin sayayya, hayaƙi ya tashi nan take. Ɗan taransfon rage wuta da zai tsare shi bai kai rabin kuɗin gyaran ba.

Masu sola kuma, kombertiser, abin da ƴan Najeriya ke ce ma inbata, iri biyu ne. Akwai mai fidda wuta mai santsi irin ta Nigelec, wanda ake rubuta ma pur sinus, akwai mai arha da wutarsa ke tafiya tsalle-tsalle. Fitila da sharjar tarho ba su damu ba. Ampili mai taransfo kuwa zai riƙa ƙugi yana zafi, ga zafin garinmu da ke wuce digiri 40. In ampilinka na 12 ne, mi ya kai ka ɗaga wutar batiri zuwa 220 sannan ka sake maido ta 12? Jona shi ga batirin kai tsaye, da fiyus a kusa da kan batiri.

To ina maganar waya? Tana da nata, amma lissafi ne mai sauƙi. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1,5, irin wadda masu wayarin ke sa wa fitilun gida, in tsawonta mita 5 ne zuwa baful mai om 8, abin da take ci bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Kunnen ɗan Adam bai jin wannan. Amma siririyar 0,5 da aka ja mita 10 zuwa baful mai om 4, kusan kashi 15 na ƙarfin a ɗumama waya yake tafiya. Kenan kauri da gajarta ake nema. Zinarin da ke kan fish tsatsa kawai yake hanawa, bai ƙara ma ganga nauyi ba.

Abin da ya fi cutar mutane shi ne wayar da ke kama da jan ƙarfe alhali alminiyam ce aka shafa ma ja. Wutar da take ɗauka ba ta wuce kashi 60 da ɗan abu na ta gaskiya ba, kuma tana karyewa a bakin ɗauri. Gwajin ba wuya: kankare silin da wuƙa, in fari ya fito ka aje ta. Ko ka sa mishi ashana, alminiyam zai lanƙwashe ya yi laushi, jan ƙarfe zai tsaya.

Inda waya ke iya zama maganar rai ma ba wajen baful ba ne, tsakanin batiri da ampili ne. Ampilin da ke jan wat 60 a volt 12, amper 5 ke bi ta wayar. A 220 ko sulusin amper ɗaya bai kai ba. Siririyar waya a nan zafi take, roba ta narke, ga katifa da labule a ɗaki. Nan kam kar ka yi rowa, sa 2,5 ko fiye.

Saboda haka in kana da ƴan jikkuna a hannu, ga yadda ni zan kashe su. Regilater mai jinkiri tukuna, wanda ke dakatawa kaɗan bayan an maido wuta, don dawowar kuran ta fi ɗaukewarsa kashe kaya. Sai adafta ta kirki. Sai ralonji mai kamawa gam, don piriz mai lilo shi ke kawo ƙaƙas-ƙaƙas ɗin da ake ɗora ma baful. Waya ta zo ƙarshe, a auno maka mita wajen mai kayan lantarki. Lokacin buji ka riƙa zare fish kana gogewa, ƙura ma tana toshe sauti. In hadari ya taso da damina kuwa, kashe maɓalli bai isa ba, zare komi daga bango har eriya.

Allah ya tsare muna kayanmu, ya ba mu wuta mai ɗorewa.