Karatun Tsohon Ƙarfe: Sawun Jirgin Ƙasa A Bompai, Sharaɗa Da Challawa

Kowa da abin da yake ɗauke masa hankali idan ya samu sarari. Wani kiwon tattabaru ne, wani kallon ƙwallo. Ni kuwa shekara da shekaru ke nan ina bin tsohon layin dogo na Kano da littafi da alƙalami da tef ɗin awo, ina rubuta lambobin kawunan jiragen ƙasa da taragan da aka jingine. Abokaina kan tambaye ni ribar da ke cikin ƙarfen da ya yi tsatsa. Amsata ita ce, ƙarafan nan rubutattun shaidu ne na yadda Kano ta zama birnin masana'antu, kuma ana sayar da su a kan sikeli tun kafin mu karanta su.

Layin dogo ya iso Kano daga Baro a 1911, a 1912 kuma aka fara zirga-zirga tsakaninta da Legas. Turawan mulki auduga suka sa wa rai, amma manoman ƙasar Kano suka zaɓi gyaɗa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka tara ta har ta zama dala tana jiran tarago. A 1930 layin ya kai Nguru, kuma a gefensa unguwar masana'antu ta Bompai ta tsiro. Sharaɗa da Challawa sun biyo baya, a ɓangaren da layin ya nufi Zariya. Mai kamfani a wancan zamani yakan so ƙofarsa ta kusanci dogo, domin ta nan injina da mai suke shigowa, ta nan kuma man gyaɗa da fatu da ƙiraga suke fita.

Karatun ƙarfe daga ƙasa yake farawa. Idan ka auna tsakanin ƙarafan dogo biyu ka samu milimita 1,067, wato ƙafa uku da rabi, to a kan tsohon layi kake. Sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, faɗinsa milimita 1,435 ne, shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa wancan. Daga nan sai ka durƙusa ka share ƙurar gefen ƙarfen. Sau da yawa za ka ga sunan kamfanin da ya ƙera shi, da shekara, da nauyinsa. Abin da aka shimfiɗa a gicciye a ƙarƙashinsa ma yana da bayani, domin a wurare da dama ƙarfe aka sa maimakon katako saboda gara.

Kan jirgi mai tururi ana gane shi ta ƙirga ƙafafu. Wanda ake kira 2-8-2 yana da ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas masu ja, da biyu a baya. Irin wannan tsari ke ga jerin kawunan da aka raɗa wa sunayen koguna, waɗanda kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya ƙera wa Najeriya daga 1948. Da kwal ɗin Inugu suke aiki, kuma ruwa suke sha ba kaɗan ba, don haka dogon tankin ruwa a gefen tsohuwar tasha alama ce ta zamaninsu. A yau na fi haɗuwa da su a tsofaffin hotunan dalar gyaɗa, inda ƙirgar ƙafafun kan taimaka wajen kintata shekarun hoton.

Kawunan dizal kuwa lambarsu ce asalinsu. Jerin 1001 na kamfanin English Electric ne, sun zo a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya. Jerin 1101 na General Motors ne daga Amurka. Jerin 1701 daga birnin Montreal na Kanada suka zo a farkon shekarun 1970. Jerin 2101 a Dalian ta ƙasar Sin aka ƙera su a shekarun 1990, sannan jerin 2201 na General Electric suka iso wajen 2010. Duk wanda ya jera lambobin nan zai ga yadda cinikinmu ya tashi daga hannun Ingila ya zagaya har ya kai Sin. Tabbacin ƙarshe shi ne ɗan farantin da maƙera kan liƙa a jikin kan jirgi ko tarago, mai ɗauke da sunansu da shekara da lambar aiki.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne rassan dogo, waɗanda suke ballewa daga babban layi su nufi kamfanoni. Za ka bi ƙarfe cikin ciyawa, sai ka ga ya shige ƙarƙashin katanga ya ɓace. Wannan yana gaya maka cewa akwai lokacin da kayan gidan nan suka fi ƙarfin mota, akwai lebura da masu gadi da masu sayar da abinci da suka ci daga wannan ƙofa. Da wutar lantarki ta yi ƙaranci, kayan waje suka cika kasuwa, tireloli suka karɓe dako, sai kamfani da reshensa suka kwanta tare. Tsofaffin ma'aikatan reluwe su ne malamaina a nan. Dattijo ɗaya kan iya tuna abin da ake lodi a reshe kaza da yawan taragan da ke fita a mako, abin da babu farantin da zai faɗa maka. Su ma kullum raguwa suke yi.

Akwai wani tarago da na taɓa rubutawa a bayan wani rufaffen kamfani. Da na koma bayan damina, farantinsa ya tafi, domin shi ɓarawo yake fara ɓallewa. A zuwa na uku sai guntayen da wutar walda ta bari na tarar. Layuka huɗu na littafina su ne iyakar abin da na san ya rage na wannan tarago. Ban ɗora laifin duka a kan yaro ɗan gwangwan mai neman na tuwo ba. Wanda ya sayi ƙarfen gwamnati bai tambayi takarda ba, da mu da muka yi shiru, duk muna da kaso.

Wasu sun riga mu farkawa. A gidan tarihi na Jos an adana kawunan ƙaramin jirgin da ya yi aiki tsakanin Zariya da Jos a kan dogo mai faɗin milimita 762, wanda aka rufe a 1957. A Ebute Metta ta Legas, gidan Jaekel ya zama ɗan gidan tarihin reluwe. Kano, wadda gyaɗarta ta daɗe tana cika taragan ƙasar nan, ta cancanci irin wannan. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin Kano zuwa Kaduna da na Kano zuwa Maraɗi. Abin murna ne, amma ranar da suka fara aiki hankali zai ƙara barin tsohon layi, masu yanka kuwa ba za su jira ba.

Roƙona ga hukumomi shi ne a ware kan jirgi ɗaya da tarago biyu ko uku a ajiye inda 'yan makaranta za su gani. Ga ɗaliban tarihi da na injiniya a Jami'ar Bayero da kwalejojinmu kuwa, ga fagen bincike a ƙofar gida. Ku nemi izinin masu wuri kafin ku shiga, ku kiyayi layin da jirgi ke bi, kada ku cire ko da ƙusa. Ku ɗauki hoto, ku rubuta lamba da wuri da rana, ku zauna da dattawan reluwe ku naɗi maganarsu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma sai an bar abin da za a waiwaya a gani.