Titanic ya sake dawowa: ƴan kallo na hawaye, masu sharhi na awo

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Masu sana'ar sinima na Amurka sun riƙe wannan magana ko da ba su jin Hausa, domin filim ɗin Titanic, wanda James Cameron ya fitar a watan Disamba na 1997, sun maido shi gidajen kallo har sau uku: a 2012, da 2017, da 2023. Duk lokacin da ya dawo kuwa, jama'a kan rabu gida biyu. Ga ƴan kallo da ke fitowa suna share ido, ga masu sharhin jaridu da ke ɗora shi bisa sikeli suna neman inda ya yi rashin nauyi.

Kafin a shiga gardamarsu, ya kamata mai karatu ya tuna da asalin labarin. Titanic jirgin ruwa ne na Ingila, ya tashi daga Southampton ran 10 ga Afrilu 1912 zuwa New York da mutum wajen 2,200. Daren 14 ga wata ya gogi dutsen ƙanƙara cikin tekun Atlantika, kafin awa uku ya nitse. Mutum fiye da 1,500 suka halaka, kimanin 700 suka tsira. A kan wannan masifa Cameron ya ɗora soyayyar da ya ƙaga tsakanin Jack, matalaucin mai zane, da Rose, ɗiyar manya da aka ba wani attajiri.

Filim ɗin ya ci dalar Amurka miliyan 200, wato sama da miliyar 100 na kuɗin sefa a canjin wancan lokaci, har ana ta cewa masu jarin sun zuba dukiyarsu a rijiya. Sai ga shi ya maido fiye da dala miliyar 1 da miliyan 800, ya kwashe kyautar Oscar 11. A Faransa kaɗai an sayar da tikiti sama da miliyan 20. Labarin ya yi nisa har a Nijeriya aka yi wani filim na Hausa mai suna Masoyiyata a 2003, wanda ya ɗauko shi.

Duk da haka, tun farko bakin masu sharhi bai zo ɗaya ba. Roger Ebert na Chicago ya ba shi tauraro huɗu, iyakar makin da yake badawa. Kenneth Turan na jaridar Los Angeles Times kuwa ya yaba ginin jirgin da nitsewarsa, amma ya ce maganganun da aka sa wa ƴan wasan a baki ba su da gishiri. Abin ya sosa wa Cameron rai, har ya mayar da martani a cikin jaridar a watan Maris na 1998, yana cewa mai sharhin ya raina ƴan kallo. Sai dai cikin fannoni 14 da aka tsaida filim ɗin takarar Oscar, babu fannin rubutun labari. Ashe Turan bai faɗi ƙasa ba.

A watan Afrilu na 2012, da jirgin ya cika shekara 100 a ƙarƙashin ruwa, aka maido filim ɗin cikin fasahar 3D, wadda ake kallo da tabarau na musamman. Gyaran ya ci dala miliyan 18. Masu sharhi suka shiga tambaya: shin tabarau ya ƙara wani abu, ko kuwa tsohuwar haja ce aka sake wa kwali aka ɗaga mata farashi? Wani masanin taurari, Neil deGrasse Tyson, ya daɗe yana ƙorafin cewa taurarin da Rose ke kallo daga cikin ruwa ba su ne na wannan dare ba. Cameron ya gyara su. Ƴan kallo dai ba taurari suka je ƙirga ba. Sun biya kusan dala miliyan 350, kaso mai tsoka daga ƙasar Sin. Wasu samari ma a Twitter suka riƙa mamakin jin cewa jirgin ya taɓa wanzuwa da gaske.

To, mene ne ke maido mutane ga labarin da suka riga suka san ƙarshensa? Soyayya na ciki, babu musu. Amma abin da ke riƙe zuciya a awa ta ƙarshe shi ne rabon wuri. Kwale-kwalen ceto 20 ne a jirgin, masu ɗaukar mutum 1,178, wato rabin waɗanda ke ciki da ɗan ɗoriya. Kuma kamfanin bai karya doka ba: dokar Ingila ta 1894 ta tsaya ga jiragen da suka wuce tan 10,000, alhali Titanic ya haura tan 46,000. Jirage sun girma, takarda na nan yadda aka bar ta cikin ofis. Da aka zo ƙirga, a cikin masu aji na ɗaya an ceci kusan shida cikin goma, a aji na uku kuwa ɗaya cikin huɗu. Ɗan kasuwa da ya san illar lodi fiye da kima, da ma'aikacin da ya san abin da tsohuwar doka ke jawowa, ba su bukatar mai sharhi ya fassara musu wannan. A watan Janairu na wannan shekara ta 2012 ma, jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya, mutum 32 suka mutu, kyaftin ɗin ya bar jirgin tun da sauran fasinja a ciki.

Da aka sake fitar da filim ɗin a watan Fabrairu na 2023, gardamar ta koma kan katakon da Rose ta hau. Shekara 25 ƴan kallo na cewa da ta matsa, da Jack ya samu wuri. Cameron ya sa mutum biyu cikin ruwan sanyi aka gwada, a wani shiri na National Geographic, ya amsa cewa mai yiwuwa da yaron ya rayu. Abin na da ban dariya, amma yana nuna ƙarfin filim ɗin da kuma iyakarsa. Mutum 1,500 lissafi ne, zuciya ba ta iya ɗaukarsa. Da aka ba ta fuska ɗaya sai ta yi kuka. Sai dai kuma ta tsaya ga fuskar, ta manta da sauran.

Wata huɗu bayan haka duniya ta ga shaida. Ran 18 ga Yuni 2023 wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Titan ya tarwatse da mutum biyar da suka tafi kallon ɓaraguzan Titanic. Kwana da kwanaki gidajen talabijin na faɗin sunayensu da tarihinsu. Kwana huɗu kafin nan, wani jirgin kamun kifi maƙare da ɗaruruwan baƙin haure ya nitse kusa da Pylos a ƙasar Girka, mutum 104 kaɗai aka ceto, ba kowa ya ji sunan ko ɗaya daga cikin mamatan ba. Haka jirgin Joola na Senegal: an ƙera shi don mutum ƙasa da 600, ya kife ran 26 ga Satumba 2002, ya ci rai 1,863, fiye da Titanic. Wa ya san ranar a wajen Afirka ta Yamma?

Masu sharhi na da gaskiya: kalaman Jack da Rose ba su kai girman jirgin ba. Ƴan kallo ma na da gaskiya, tunda sun gane cewa labarin na wanda aka bari a ƙasan bene ne. Bayan hatsarin 1912, ƙasashe sun zauna a London suka sa hannu kan yarjejeniyar kare rayuka a teku a 1914, aka wajabta wa kowane fasinja wuri cikin kwale-kwale. Makokin wancan zamani ya haifi doka. Hawayen gidan sinima kuwa, in ba a yi hattara ba, a bakin ƙofa suke bushewa. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.