Lakwaja: Masaukin Baƙi a Makwancin Kogi

Duk wanda ya hau Dutsen Patti a Lakwaja, ya hangi inda Kwara da Binuwai suka gamu, ba zai ga laifin masu sha'awar gina masaukin baƙi a gaɓa ba. Amma fa fadamar nan makwancin kogi ce. Nan yake baje ruwansa da damina, kifi ya hayayyafa, ƙasa ta sami taki. In aka cike ta da siminti, sai ruwan ya nufi gidajen talakawa. A 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ambaliya ta yanke hanyar Abuja, ta kuma maimaita a 2022. Gwamna Lugga dai bisa dutsen ya gina gidan hutawarsa. Magina su yi hattara.