Minabe, Garin da Ɗan Itace Mai Tsami Ya Rufa wa Asiri

Daga birnin Osaka zuwa Minabe tafiyar kimanin awa biyu ce a jirgin ƙasa. Ana nausawa kudu cikin jihar Wakayama ta ƙasar Japan, teku a hannun dama, duwatsu a hagu. A watan Yuni na je, daminarsu ta kankama, sama a lulluɓe, iska da danshi. Tun kafin jirgi ya tsaya na fara hango tuddai sanye da shuɗi. Da na matsa kusa sai na ga raga ce aka shimfiɗa a ƙarƙashin itatuwa, tun daga gindin tudu har samansa, tana jiran abin da zai faɗo.

Itacen sunansa ume, dangin fulam ne, asalinsa daga ƙasar Sin, ya kuma haura shekara dubu a Japan. Ɗansa kewayayye ne mai ƙwallo ɗaya a ciki. Yana farawa kore, in ya nuna ya koma rawaya, gefen da rana ta taɓa ya yi ja. Ƙamshinsa kan cika gona har mutum ya ji yawu ya tsinke masa, amma ba a cin sa haka. Ɗanyensa na da wani sinadari mai cutarwa, nunannen kuwa tsaminsa ya fi na tsamiya nesa ba kusa ba. To, wannan ɗan itacen da baki ba ya iya ɗauka shi ne ya riƙe Minabe da maƙwabciyarta Tanabe. Jihar Wakayama ita kaɗai ke ba da kusan kashi 60 cikin 100 na duk ume ɗin da Japan ke nomawa, mafi yawansa daga waɗannan garuruwa biyu.

Talauci ne ya haifi sana'ar. Ƙasar yankin gangare ce mai tsakuwa, shinkafa ba ta yi, a zamanin da kuma da shinkafa ake biyan haraji. Ando Naotsugu, wanda ya zama uban ƙasar Tanabe a 1619, ya lura ume na tsirowa a inda sauran shuka ke ƙi, sai ya ƙarfafa wa manoma gwiwa su dasa shi a irin waɗannan filaye, aka kuma sassauta musu haraji. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mutanen nan shekara ɗari huɗu ke nan suna dafa nasu.

Irin da ya fito da sunan garin, wanda ake kira Nanko, shi ma yana da tarihi. A 1902 wani manomi, Takada Sadagusu, ya ga itace guda cikin dashensa yana fitar da 'ya'ya manya masu kyau, sai ya keɓe shi yana kula da shi. A 1950 aka fara binciken shekara biyar don tantance irin da ya fi dacewa da yankin, malami da ɗaliban makarantar sakandaren Minabe suka shiga aikin gadan-gadan. Itacen Takada ne ya yi zarra, aka yi masa rajista a 1965, aka raɗa masa suna daga sunan makarantar. Na ji daɗin wannan ƙwarai: garin manoma ya karrama 'ya'yansa 'yan makaranta da abin da ya fi komai daraja a wurinsu.

Nanko fatarsa siririya ce, tsokarsa da taushi, shi ya sa ba a kaɗo shi da sanda. Wanda za a jiƙa da gishiri barin sa ake yi ya nuna a sama, ya faɗo da kansa, raga ta tare shi kada ya fashe. Da sassafe iyalin gidan da suka karɓe ni suka hau tudu da kwanduna, ni ma na bi su. Tsintar ba ta jira, domin wanda ya daɗe a ƙasa ƙwari sun riga ka. Kafin rana ta faɗi an wanke, an ware manya da ƙanana, an zuba a manyan tankuna: shimfiɗar ume, shimfiɗar gishiri, gishirin kimanin kashi 20 cikin 100 na nauyin 'ya'yan. A ɗora nauyi a kai, ruwan jikinsu ya fito ya rufe su, a bar su kamar wata guda. In damina ta ɗauke a ƙarshen Yuli, sai a jera su a rana kwana uku zuwa huɗu, ana juya su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Abin da ya fito shi ne umeboshi, mai yamutsattsiyar fata, wanda zai yi shekaru bai lalace ba. Wasu kan zuba jan ganyen wata shuka mai suna shiso ya rina shi. Kamfanonin zamani kuma sukan rage gishirin su sa zuma, don matasa sun fi son haka.

Uwargidan ta ba ni guda a tsakiyar dunƙulen shinkafa. Tsami da gishiri suka haɗu suka buɗe min ido, sai ga farar shinkafa ta yi daɗin da ban zata ba. Haka suke cin sa, kaɗan-kaɗan, don buɗe ciki a lokacin zafi da kuma taimaka wa abincin guzuri kada ya yi saurin lalacewa. Farar shinkafa da jan umeboshi guda a tsakiya, siffar tutar ƙasarsu ke nan, kuma abincin da tsofaffi ke tuna shekarun yaƙi da shi. Koren ume kuwa ana jiƙa shi da sukari a sami abin sha mai sanyaya rai. Ana kuma yin giya da shi, don haka matafiyi Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya kai kofi baki.

Abin da ya fi tsaya min a rai yana can saman gonakin. Manoman ba su sare dajin da ke kan tuddai ba. Sun bar wani itace mai tauri da suke kira ubame, ana zaɓen wanda ya isa sara a yi gawayin binchotan da ya yi suna a Japan, kututturen ya sake tohowa. Dajin yana riƙe ruwa, yana hana ƙasa zaftarewa kan gonaki, a cikinsa kuma ƙudan zuma ke zaune. Nanko ba ya 'ya'ya sai an kawo masa garin furen wani irin daban, ƙudan zuma ne masu wannan aike. Ume kuwa yana fure a Fabrairu, cikin sanyi, lokacin da furanni suka yi ƙaranci, sai ya zama shi ke ciyar da su. Mai gawayi, ƙudan zuma da manomi kowa na cin albarkacin ɗan'uwansa. Saboda wannan tsari ne Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa yankin cikin gadon noma na duniya a 2015.

Furen ma yana da nasa matsayi a zukatan mutanen Japan, domin shi ke fara buɗewa tun hunturu bai tafi ba, suna ganinsa alamar juriya. Sunan zamanin sarkinsu na yanzu, Reiwa, wanda ya fara a 2019, an ciro shi ne daga wani tsohon rubutu kan taron kallon furen ume da aka yi a garin Dazaifu a shekarar 730.

Sai dai manoman na da abin da ke hana su barci. Yawancin waɗanda na gani a gangaren nan furfura ta cika musu kai, matasa sun tafi birni. Yanayi ma ya fara sauya hali: a 2024 hunturu ya yi ɗumi, fure ya fito da wuri bai ƙosa ba, ƙanƙara ta biyo baya, amfanin ya faɗi ƙwarai. Garin bai naɗe hannu ba, har sashe na musamman ke gare shi a ofishin mulkinsa wanda ba shi da aiki sai sha'anin ume. Ina yi musu fatan samun magada, domin ilimin da ya san wane itace za a sara, wane za a bari, da yawan gishirin da zai tsare ɗan itace shekaru, a hannun mutane yake zaune. Ranar da masu shi suka ƙare, ba kasuwar da za a je a sayo shi.