Kafin a kai Baba sansanin alhazai

Jama'ar Gezawa, ina so mu yi maganar tsofaffinmu masu niyyar sauke farali. Daga Jogana har Tsamiya Babba, da wuya ka shiga gidan da babu wannan buri: ɗa ya sayar da shanun da ya turke, ko ya yi shekaru yana tari, ya biya wa Baba ko Inna kujera. Allah Ya saka da alheri. Sai dai kuɗin kujerar muke yi wa tanadi. Jikin da zai yi aikin kuwa, da an taɓo zancensa sai a ce ai Baba da ƙwarinsa, har bana shi ya yi huɗar gonarsa.

Manomi da sanyin safiya yake fita, rana na take tsaka ya koma gindin ɗorawa. A Mina da Arfa babu wannan zaɓi. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ce mutum 1,301 sun rasu, akasarinsu waɗanda suka shiga aikin ba izini suka yi ta tafiya cikin rana, da yawansu tsofaffi da masu tsohon ciwo. Safa da Marwa kaɗai sun haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da zirga-zirgar jifa cikin cunkoso.

Abin da ya fi damuna ɓoye ciwo. Dattijo ya san yana da hawan jini, ya san numfashinsa na sarƙewa in ya yi 'yar tafiya, amma ranar da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano ta kira gwajin lafiya sai ya ce ƙalau yake, don kada a hana shi tafiya. Wani lokaci 'ya'yan ne ma ke ce masa ya yi shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yawancin masu hawan jini da ciwon suga ba a hana su tafiya, daidaita musu magani ake yi. Waɗanda Saudiyya ta ce kada a kawo su ne irin masu wankin ƙoda da masu ciwon zuciya mai tsanani, kuma malamai sun daɗe da bayyana cewa lafiyar jiki tana cikin ikon da ke wajabta Hajji. Tun saura wata uku a kai tsoho Babban Asibitin Gezawa a auna jininsa da suga, in akwai abin da ya fi ƙarfinsu a tura shi cikin birni.

Allurar sanƙarau da ta shawara, da ɗigon shan inna, a tabbatar sun shiga jiki da gaske, kada ya zama hatimi kawai aka buga a katin rigakafi. Alluran nan sai sun kwana goma kafin a isa. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa har Saudiyya ta hana alhazan Najeriya shiga.

Na sha ganin tsohuwa ta ɓare ƙwayoyinta duka, fari da ja da ruwan ɗorawa, ta ƙulle su wuri guda a leda ta soke a lalita. In ta faɗi a can, wane likita zai gane abin da take sha? A bar kowane magani a kwalinsa, a haɗa da takardar likita, a sayi wanda zai kai har dawowa da ƙari, a sa shi a jakar hannu. Mai suga kuma a kula masa da ƙafa. Takalmi kan ɓace a ƙofar masallaci, shi kuma tafin ƙafarsa ya rage jin zafi, sai ya taka kwalta mai ƙuna har fata ta saɓule bai sani ba. A saya masa takalmi biyu, ya fara sa su tun a gida, yana takawa kullum bayan Asuba.

Akwai kuma ƙin shan ruwa. Tsofaffi da yawa suna ƙuntata wa kansu don gudun layin banɗaki a Mina, ga kunya, ga tsoron warwarewar alwala. Wannan magana 'ya mace ce za ta zaunar da Inna ta yi mata a ɗaki, ɗa namiji kuma ya yi wa Baba.

A wurin bita, ku raka su ku tambayi malam a gabansu game da wakilci a jifa da yin ɗawafi a kan keke. Shari'a ta yarda da duka biyun ga mai rauni, amma tsoho yakan ga kamar aikinsa ya ragu, kuma ba zai karɓa daga bakin ɗansa ba sai ya ji daga bakin malami.