Kiɗan gida a wayar ɗan bida

Duk wanda ya tashi a Tchaké ya san da an gama yankan hatsi, an zuba damma a rumbu, rabin samarin gari sun kama hanya: wasu Kano da Legas, wasu Agadas, daga can sai Tamanrasset ko Sabha. Kafin a tafi sai an biya wajen mai cajin waya ran kasuwar Mayahi, a cika waya da kiɗi. Har da na tsofaffi fa: Shata, Ɗankwairo, Ɗan Anace da waƙarsa ta Shago.

Yayana a da, in baba ya kunna irin waɗannan, tashi yake ya bar wurin. Shekara biyu ya yi yana aikin gini a Libiya, ya dawo da Bakandamiya a ka. Ya ce daren Juma'a sukan cika ɗaki, wani ya kifa jarka yana bugawa, a yi ta amshi har wani ya juya fuska bango.

Wannan ba mu kaɗai ba ne. A Turai akwai wani kiɗan rawa, polka, da ya fito daga ƙasar Cek wajen 1830. Manoman da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da shi, kuma har yau jikokinsu na yi masa biki duk shekara a garin Ennis na jihar Texas. Hausawan da fataucin goro ya zaunar a zangon Kumasi ma haka, da gangunansu da algaitarsu suka zauna.

To nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Su da makaɗa suka tafi, yara suka gani suka koya. Mu murya kawai muke ɗauka, muryar ma ta waɗanda suka riga mu gidan gaskiya: Ɗankwairo 1991, Shata 1999. Waya ba ta koya wa yaro yadda ake matse kalangu a hammata har ya kira sunan mutum.

Mai gangar noman unguwarmu yana nan da ransa, amma an daina kiransa gayya, 'ya'yansa biyu kuma suna Aljeriya. Da yayana ya tashi aure, da kuɗin Libiyar nan, mai manyan lasifika aka ɗauko daga Tasawa. Tsohon ya zo, ya ci tuwo, ya yi addu'a, gangarsa na rataye a gida.